Harsashin Masana'anta: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daidaito da Tantance Inganci

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mafarauta masu lasisi, da 'yan wasan harbi, da masu kula da ma'ajiyar makamai, game da harsashin raifil da ake ɗurawa a masana'anta. An fara da masu sauƙi aka gangara zuwa masu zurfi, kuma duk inda wata amsa ta jingina da wata an nuna.

Me ake nufi idan aka ce harsashi yana da daidaito?

Harsashin raifil abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, da firaima, wato ɗan maɓallin nan na gindin kwanso da ke ba da tartsatsi idan allura ta doke shi. Daidaito shi ne na farko a kwali da na ashirin su yi hali ɗaya: gudunsu ya zo kusa da juna, matsin da suke haifarwa ya zo kusa da juna, su kuma sauka wuri ɗaya a allon saiti.

Mutane kan haɗa wannan da inganci, alhali ba abu ɗaya ba ne. Harsashi na iya zama lafiyayye, ya shiga bindiga sumul, ya tashi duk lokacin da aka ja kunama, bai taɓa wuce iyakar matsi ba, amma idan ka harba goma sai ka gan su a warwatse. Abin da masana'anta ke ɗaukar maka alkawari a kansa shi ne lafiya da dacewa da ma'auni. Taruwar harbi kuwa sai ka gwada da bindigarka.

Wa ke kafa ƙa'idar da masana'antu ke bi?

Hukumomi uku ne ke da faɗa a ji. A Amurka akwai SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da aka kafa a 1926. Ita ke fitar da zanen kowane nau'in harsashi da na mazauninsa a cikin bindiga, da iyakar matsin da ba a so a wuce. Bin ƙa'idarta ganin dama ne, babu dokar da ta tilasta, sai dai kamfanin da ya yi biris da ita ya san abin da ke jiransa a kotu idan bindiga ta fashe a hannun wani.

A Turai akwai CIP, wadda ta samo asali a 1914, hedikwatarta tana Beljiyam. Ita tata doka ce a ƙasashen da suka sa hannu, irin su Jamus, Faransa, Italiya, Ingila, Finlan da Ostiriya. A can ba a sayar da raifil sai an kai ta gidan gwaji, kamar na Liège ko na Birmingham, an harba mata harsashin da matsinsa ya ɗara iyaka da kashi 25 cikin 100, sannan a buga mata hatimi. Harsashi ma sai kwalinsa ya ɗauki tambarin CIP. Ta uku ita ce NATO, mai nata tsarin gwaji na harsashin soja. Wanda ya cika sharuɗɗanta shi ne za ka ga alamar gicciye cikin da'ira a gindin kwansonsa.

Najeriya fa, tana cikin ɗaya daga cikinsu?

A'a. Najeriya ba ta cikin CIP, SAAMI kuma ta kamfanoni ce. Masana'antar DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus, jami'an tsaro take yi wa harsashin raifil, ba kasuwar mafarauta ba. Saboda haka harsashin farauta da na wasa da ke shigowa ta halastacciyar hanya, ƙa'idar ƙasar da aka yi shi yake ɗauke da ita. A kuma tuna cewa a ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, riƙe harsashi ba tare da lasisi ba laifi ne, kamar riƙe bindigar kanta.

Yaya ake auna matsin da ke cikin bindiga, tunda abin ƙiftawar ido ne?

Tsohuwar hanya mai ban sha'awa ce. Akan huda jikin wani bututu na gwaji a saitin mazaunin harsashi, a sa ɗan fistin a ramin, a ɗora masa wani ɗan guntun jan ƙarfe da aka san tsawonsa daidai. Da an harba, iskar albarushi ta tura fistin, shi kuma ya danne jan ƙarfen ya gajarta. Sai ma'aikaci ya ciro guntun, ya auna abin da ya ragu, ya duba jadawali ya karanta matsi. Sakamakon wannan hanya shi ake rubutawa da CUP.

Yanzu na'urar lantarki ake amfani da ita, mai ɗan ƙaramin lu'ulu'u da ke fitar da lantarki gwargwadon yadda aka matse shi, kwamfuta kuma ta zana yadda matsin ya hau ya sauka daga farko har ƙarshe. Hanyoyin biyu ba sa ba da adadi ɗaya. Iyakar harsashi nau'in .308 Winchester a tsohon awo 52,000 CUP ce, a sabon awo kuma 62,000 psi (psi ma'aunin matsi ne), harsashin kuma bai canja ba ko kaɗan. Yawancin gardamar da ake yi a kan wane harsashi ya fi wane ƙarfi, daga cakuɗa waɗannan awo biyu take tasowa.

Ko a sabuwar hanyar ma, wurin da ake sa na'urar ya bambanta. SAAMI tana jin matsin ta jikin kwanso ba tare da an huda shi ba, CIP kan huda kwanson, NATO kuma a bakin kwanso take aunawa. Shi ya sa .223 Remington yake da iyakar 55,000 psi a wajen SAAMI, amma bar 4,300 (bar wani ma'aunin matsi ne) a wajen CIP, wanda ya haura 62,000 psi. Kada ka ɗauki adadin wata hukuma ka gwada da na wata.

Kowane harsashi ake gwadawa kafin ya fito kasuwa?

Ba zai yiwu ba, domin gwada harsashi harba shi ne, wanda aka harba kuwa ya tafi. Abin da ake iya yi wa kowane ɗaya shi ne duban waje: injin ya auna tsawonsa da kaurinsa, ya tabbatar akwai albarushi a ciki kafin a ɗora ƙwaya, ya ga firaima ta zauna daidai ba ta juye ba. Manyan masana'antu suna da kyamarori da ma'aunai a kan layi masu tunkuɗe duk wanda ya saɓa gefe, a wasu kuma har yanzu akwai mutanen da aikinsu kawai su zura ido a kan harsasai suna wucewa suna juyawa a gabansu.

Sauran kuwa samfuri ne. Kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi ya yanke hukunci a kan buhun duka, haka ake ɗebo harsasai daga layi lokaci-lokaci a kai ɗakin gwaji a harba, a auna matsi da gudu da taruwa. Wannan ilimi yana da tarihi. Walter Shewhart ne ya fito da jadawalin sa ido kan inganci a 1924 a kamfanin tarho na Bell, sojojin Amurka kuma suka rungumi tsarin ɗaukar samfuri a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake buga harsasai da biliyoyi. Daga nan aka samu ƙa'idar MIL-STD-105 wadda masana'antun da ba ruwansu da makami ma suka ara. A tsarin, aibi kashi uku ne: mai haɗari ga rai, babba, da ƙarami. Ƙaramin aibi kamar tabo a jikin kwanso ana jure wani adadi nasa. Mai haɗari kuwa, guda ɗaya na iya sa a tsare zubin gaba ɗaya.

Mece ce lambar zubi, kuma me ya sa ake ta maganarta?

Zubi shi ne adadin harsashin da aka yi a jere da kaya iri ɗaya: albarushi daga ganguna ɗaya, firaima ɗaya, kwanso da ƙwaya ɗaya, a kan injin da aka yi wa saiti ɗaya. Lambarsa tana jikin kwali, galibi a cikin murfin da ake buɗewa ta gefe, wani lokaci da tawada, wani lokaci an danna ta ne a jikin takardar sai ka karkata ta ga haske kafin ka karanta.

A ganina babu abin da ya kai ta muhimmanci a jikin kwalin. Albarushi na ganga biyu ba ya ci da sauri ɗaya ko da sunansa ɗaya, don haka duk lokacin da sabon kaya ya iso masana'anta sai an sake gwaji an ɗan ƙara ko an ɗan rage yawansa har gudu da matsi su faɗa cikin iyaka. Faɗawa cikin iyaka kuma ba ya nufin zama daidai da zubin baya. Ƙarfen da ke matse ƙwaya yana cinyewa, a sauya shi. Kamfani na iya sauya mai kawo masa firaima bai sanar da kowa ba, kwali kuma yana nan yadda ka san shi. Saboda haka kwali biyu masu suna ɗaya da hoto ɗaya, idan lambar zubinsu ta bambanta, ka ɗauke su harsashi biyu ne har sai ka gwada. Wanda ya samu zubin da ya dace da bindigarsa, ya sayi abin da lasisinsa ya ba shi dama daga wannan zubin. Idan ya ƙare ya shiga sabo, ya sake duba saiti kafin ya fita daji.

Me ke kawo bambancin gudu a cikin kwali ɗaya?

Na farko yawan albarushi. Injin masana'anta da cikin mazubi yake aunawa, ba da sikeli ba, domin sauri. Albarushi mai ƙananan ƙwayoyi masu zagaye yana zuba sumul, mai dogayen ƙwayoyi kamar guntayen tsinke kuwa ba ya kwanciya iri ɗaya a mazubi kowane lokaci. Wannan na cikin dalilan da suka sa masana'antu ke son mai zagayen.

Sai dai albarushi ba shi kaɗai ba ne, sau da yawa ma ba shi ne babba ba. Akwai ƙarfin riƙon da wuyan kwanso ke yi wa ƙwaya: wanda ya riƙe da ƙarfi yana sa matsi ya taru kafin ƙwaya ta motsa. Akwai kaurin bangon kwanso, wanda ke sauya faɗin cikinsa. Akwai ƙarfin tartsatsin firaima, da zurfin da aka zaunar da ƙwaya. Kowanne ɗan kaɗan yake sauyawa, idan suka haɗu sai su fito a na'urar auna gudu.

Ina jin ana cewa SD da ES. Mene ne su, kuma harbi nawa ya isa gwaji?

ES shi ne ratar da ke tsakanin harsashin da ya fi gudu da wanda ya fi nawa a cikin waɗanda ka harba. SD kuma awo ne na yadda dukkansu suke kaucewa daga matsakaicinsu. Masu harbin nesa sukan yi murna idan SD ya sauko kusa da ƙafa 10 a sakan, wato kimanin mita 3.

Inda mutane ke ruɗin kansu shi ne yawan harbi. ES yana girma ne da yawan abin da ka harba, ko da harsashin bai canja ba. Lissafi ya nuna cewa a harbi 3, ratar da ake sa ran gani kusan ninki 1.7 ce na ainihin SD. A harbi 5 ninki 2.3, a harbi 10 ninki 3.1, a harbi 20 kuma ninki 3.7. Wato wanda ya harba uku ya ga ƙaramar rata bai gano harsashi mai kyau ba, bai dai harba da yawa ba ne. Haka abin yake a allon saiti. Harbi uku da suka taɓa juna sukan faru da sa'a, shi ya sa hotunansu suka cika intanet, na sauran allunan da suka warwatse kuwa ba mai nunawa. Idan kana son sanin gaskiya, harba 20 ko fiye, a hankali, kana barin bututu ya huce, kuma kada ka cire wanda ya kauce ka ce kuskurenka ne sai in ka tabbata tun kafin ka duba allo.

Auna gudu ya yi sauƙi yanzu. Ƙananan na'urori masu aiki da rada, irin LabRadar da Garmin Xero, a gefen bindiga ake ajiye su, ba sai an harba ta cikinsu ba.

Wannan bambancin gudun, ya kamata ya dame ni?

Ya danganta da nisan da kake harbi. Ɗauki .308 mai fita da gudun mita 800 a sakan, a ce wani ya fi wani da mita 10. A nisan mita 100, bambancin saukarsu bai wuce milimita 2 ba, abin da ko kaurin ƙwayar bai kai ba. A mita 900 kuwa ratar ta kusa santimita 30, wadda ta isa ta fitar da mutum daga gasa.

Mafaraucin da ba ya wuce mita 150 ko 200 bai da dalilin hana kansa barci a kan SD. Abin da ya fi shafarsa shi ne ƙwayar ta zauna a miƙe, ta yi aikinta a jikin dabba, harsashin kuma ya tashi kowane lokaci.

Me ya sa gudun da aka rubuta a kwali bai yi daidai da na bindigata ba?

Domin ba da irin bindigarka aka auna ba. Yawancin harsasan raifil da bututun gwaji mai inci 24 ake auna su, mai matsattsen mazauni, a ɗakin da aka tsayar da zafinsa a digiri 21. Idan bututunka inci 20 ne, za ka rasa wani abu a kan kowane inci, galibi tsakanin ƙafa 20 zuwa 30 a sakan. Ko bindigogi biyu masu tsawo ɗaya daga kamfani ɗaya ba sa ba da gudu ɗaya. Adadin kwali na fara lissafi ne kawai. Don zafi kuma duba tambayar zafin rana a ƙasa.

Mene ne bambancin harsashin gasa da na farauta da na soja? Tsada na nufin daidaito?

Na gasa, irin Gold Medal Match na Federal ko na Lapua ta Finlan, kuɗinsa yana tafiya ne a kan ƙwaya mai rigar jan ƙarfe da kaurinta ya daidaita ta kowane gefe, da kwanso zaɓaɓɓe, da injin da ake tafiyar da shi a hankali, da yawan samfurin da ake harbawa. Kaurin rigar nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayar raifil tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti, idan gefe ɗaya ya fi nauyi ko da kaɗan sai ta bar hanya.

Na farauta kuɗinsa yana kan yadda ƙwaya za ta buɗe ta kuma riƙe nauyinta bayan ta shiga. Yana iya fin na gasa tsada amma bai kai shi taruwa ba, kuma ba aibi ba ne. Na soja na gama-gari kuwa an gina shi ne don ya tashi a ruwa da ƙura da sanyi, ya jure bindiga mai sarrafa kanta: ana danne firaima da bakin kwanso, a shafa musu abin hana ruwa. Taruwar da ake nema daga gare shi ba ta kai ta gasa ba. Saboda haka tsada tana ƙara yiwuwar samun daidaito, ba ta ba da tabbaci.

Harsashi ɗaya ya yi kyau a bindigar abokina, a tawa ya watse. Laifin wa?

Sau da yawa ba laifin kowa. Idan aka harba, bututu yana kaɗawa, ƙwaya kuma tana fita ne a wani gaɓa na kaɗawar. Ga kuma tazarar da ƙwaya ke tsallakawa kafin ta kama zanen cikin bututu (murɗaɗɗun layukan da ke sa ƙwaya juyawa), wadda ta bambanta daga bindiga zuwa bindiga, ga saurin murɗin zanen, wanda idan ya yi kaɗan doguwar ƙwaya ba za ta daidaita a iska ba. Masana'anta dole ta yi harsashin da zai shiga mazauni mafi ƙanƙanta da ƙa'ida ta yarda da shi, don haka a yawancin bindigogi yana ɗan yin sako-sako.

'Yan wasan ƙaramar raifil ta .22, irin waɗanda ke zuwa gasar Olamfik, sun daɗe da sallamawa da wannan. Kamfanin Eley na Ingila da Lapua suna da wuraren gwaji inda ɗan wasa ke kai bindigarsa, a ɗaure ta a maƙalli don a cire hannun mutum daga lissafi, a yi ta harba zubi daban-daban na harsashi mai suna ɗaya, kwamfuta tana zana inda kowanne ya sauka. Zubin da ya fi taruwa shi zai saya da yawa. Zubin da wani ya ƙi, shi wani zai ɗauka ya ci lambar yabo da shi. Kafin ka zargi harsashi dai, duba kusoshin madubin saiti da na jikin bindiga. Sakinsu ya fi mugun zubi yawa.

Zafin rana yana sauya halin harsashi?

Ƙwarai. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, sai matsi da gudu su hau. A wasu nau'o'in, kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan rabin mita a sakan. Harsashin da aka gwada a digiri 21 idan ya kwana a mota ya wuni a rana ya kai 45 ko fiye, ƙarin ya wuce mita 10 ɗin da aka yi lissafi da shi a tambayar bambancin gudu. Akwai sababbin nau'o'in albarushi da aka yi don su rage wannan, NATO kuma tana gwada nata a digiri 52 da kuma 54 ƙasa da sifiri.

Turawan Ingila sun san matsalar tun zamanin kodayit, albarushin nan mai kama da taliya wanda zafi ke hargitsawa. Shi ya sa manyan harsasansu na farautar giwa da ɓauna suke da ƙaton kwanso da ƙaramin matsi, har akwai ɗuri na musamman mai ragaggen albarushi don ƙasashe masu zafi. Winchester ta fito da .458 Magnum a 1956 da gajeren kwanso wanda sai an danna albarushi kafin ya shiga, mafarauta a Afirka kuma suka yi ta kukan cewa bayan ajiya a zafi albarushin yana dunƙulewa, gudu ya faɗi. Wani mafarauci Ba'amurke, Jack Lott, ya tsawaita kwanson a 1971 aka samu .458 Lott. Masu zuwa farauta yankin Benuwe a arewacin Kamaru a watannin Maris da Afrilu suna cikin irin wannan zafi. Dabarar ba ta da wuya: harsashi ya zauna a inuwa, kada ya daɗe cikin mazaunin da ya yi zafi, saiti kuma a yi shi a yanayin da za a yi harbin.

An taɓa samun inda sauya abu ɗaya a harsashi ya jawo babbar matsala?

Misalin da aka fi sani shi ne na bindigar M16 a yaƙin Biyetnam. An tsara ta da albarushi mai dogayen ƙwayoyi, IMR 4475, daga baya aka koma ga mai zagaye, WC846, domin shi ne ke kai gudun da soja ke nema ba tare da wuce iyakar matsi ba, kuma ana samunsa da yawa. A takarda komai ya cika. A fili kuwa sabon albarushin ya ƙara saurin bugun bindigar, ya ƙara datti, ga mazaunin ba a yi masa rufin hana tsatsa ba, ga sojoji da yawa ba a ba su kayan wanki ba. Kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa. Kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin a 1967, ya kuma sa sauyin albarushin cikin manyan dalilai. Gudu da matsi na iya cika ƙa'ida alhali yadda matsin ke tafiya a tsawon bututu ya canja, abin da bindiga mai aiki da iskar albarushi ke ji nan take.

Shekara nawa harsashi ke yi bai lalace ba?

Idan ya samu wuri mai sanyi da bushewa, shekaru gommai. Maƙiyansa zafi ne da laima. Albarushin zamani yana ruɓewa a hankali tun daga ranar da aka yi shi, don haka ake sa masa sinadarin da ke shanye abin da yake fitarwa. Zafi yana saurin cinye wannan sinadari. Faransa ta koyi darasin da tsada: jiragen yaƙinta na ruwa biyu, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, sun tarwatse a tashar Toulon, aka ɗora laifin a kan albarushin da ya lalace a ma'ajiya.

Kwanso ma yana da tasa cutar. Sojojin Ingila a Indiya sun riƙa tarar da wuyan kwanso ya tsage da kansa bayan damina. A 1921 aka bayyana dalili: ammoniya daga fitsarin dawaki, a bargar da ake ajiye akwatunan, ita ke cin tagullar da aikin inji ya bari a ɗaure. Maganin shi ne gasa wuyan kwanso don ya saki. Launin shuɗi-shuɗi da kake gani a kafaɗar kwanson soja alamar gashin ce. A na kasuwa ma ana yi, goge shi kawai ake yi don kyan gani. Tsohon harsashin soja kuma yana iya zuwa da firaima mai barin gishiri a bututu, wanda idan ba a wanke da ruwa ba tsatsa ke kama shi cikin kwana ɗaya ko biyu a lokacin laima.

Me zan iya dubawa da idona kafin in ɗura?

Zazzage kwalin a kan tebur mai haske. Karanta gindin kowane kwanso, ka tabbata rubutun ya yi daidai da na jikin bututun bindigarka, kuma duka iri ɗaya ne. Kwali sabo mai gindi iri-iri alama ce ta cewa wani ya sake ɗura shi. Jera su a tsaye ka duba kawunansu: wanda ƙwayarsa ta nutse ciki fiye da saura a ware shi, domin nutsewar tana ƙara matsi. Shafa yatsa a gindi, firaima ta kasance daidai da gindin ko ta ɗan shige, kada ta turo. Nemi tsaga a wuya, da lotsawa a kafaɗa, da kore ko farin gari a jiki. Sannan mirgina kowanne a kan gilashi kana kallon tsinin: idan yana rawa sama da ƙasa, ƙwayar ta zauna a karkace.

Auna nauyin harsashi duka a sikeli don gano mai ƙarancin albarushi ba ya cika aiki, domin bambancin nauyin kwanso kaɗai yana iya rufe abin da kake nema.

5.56 da .223 ba ɗaya ba ne? Ga shi suna shiga bindiga ɗaya.

Shiga ba ita ce dacewa ba. A waje kusan girmansu ɗaya, amma mazaunin 5.56 na soja yana da doguwar tazara kafin zane, harsashinsa kuma don ita aka ɗura shi. A mazaunin .223 matsinsa na iya haurawa, SAAMI kuma ta sa wannan haɗi cikin waɗanda ta ce a guje musu. Wanda ya fi haɗari shi ne .300 Blackout, mai iya shiga mazaunin .223 alhali ƙwayarsa ta fi ramin bututun kauri nesa ba kusa ba. Harba shi yana fasa bindiga. Masu nau'i biyu su raba musu ma'ajiya, su kuma yi wa kowanne alama.

Na ja kunama bai tashi ba, ko ya yi ƙara maras ƙarfi. Me zan yi, kuma wa zan kai wa kuka?

Idan bai tashi ba, bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, ka jira aƙalla sakan 30, domin akwai mai jinkirin tashi. Bayan nan ka cire shi ka duba firaima: rami mai zurfi na nuna harsashin ne, ɗan tabo kuwa na nuna allurar bindigar ce ko datti. Idan ƙarar ta yi rauni ko bugun kafaɗa ya yi sanyi, tsaya nan take. Mai yiwuwa ƙwaya ta tsaya a cikin bututu, na biyu kuma idan ya same ta bututun zai kumbura ko ya fashe. Cire komai, ka leƙa bututun ta baya. Haka nan idan makullin bindiga ya yi nauyin buɗewa, ko firaima ta baje ko ta huje, alamun matsi ne ya yi yawa, a daina amfani da kwalin.

Kada ka yar da komai. Ajiye kwanson, da sauran harsasan, da kwalin mai lambar zubi, ka rubuta irin bindigar da yanayin ranar, ka kai wa dilan da ya sayar maka ko ka rubuta wa kamfanin. Da lambar ce za su koma ga bayanan gwajin zubin. Kamfanoni kan yi kiranye idan suka gano an zuba albarushin da ba shi ba, ko an zuba ninki biyu, sanarwar kuma da lambar zubi take fitowa a shafinsu na intanet. Wanda ya juye harsasansa cikin leda ya ƙona kwali ba shi da hanyar sanin ko nasa na ciki.